Sandar Sitiyarin da Na Shayar

Daga Bagudo, unguwar maƙera.

Zuwa ga Mai Sunan Baba, a Lolo.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka, Ya tsare ka a tudu da cikin ruwa, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Labarin gida ba zan ba ka ba, don jiya-jiya ka bar shi, babu abin da ya sake.

Kafin ka ci gaba da karatu, tashi ka zare makullin jif ɗin nan ka sa a aljihu. Kada ka tayar da ita, kada ka bari wani ya tayar, ko da matsar da ita inuwa ne. Akwai ƙarfe ɗaya a ƙarƙashinta da zai iya kashe ka, kuma ni na ƙera shi da hannuna. Na san saura kwana uku kasuwar Lolo ta ci, na san ka yi wa masu banda alkawarin kai musu kwandunan kifinsu hayin iyaka, cikin Dahome. Ka saɓa alkawarin. Su yi fushi, su zage ka, su zage ni, duk na ji na yarda.

Kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka ban kama sunanka ba, ban zaunar da kai mun yi doguwar magana ba, haka muka tarar ana yi. Shi ya sa na koma ga bokon da na koya da furfura a ajin yaƙi da jahilci. Rubutun kamar tonon kaza yake, ka yi haƙuri ka bi shi a hankali. Wanda ya kawo maka takardar kuwa, kawunka Arzika, abokina Basarke masunci, ka san da hagu ya miƙo maka ita don damarsa ba ta ɗaguwa. Ka ba shi wurin zama da ruwan sha tukuna.

Kana makaranta a Birnin Kebbi lokacin da motar nan ta shigo gidanmu, saboda haka ba ka san ta a kwance ba. Shekarar da aka sauke tutar Turawa ne. Baturen allurar shanu ya tattara ya tafi, ya bar ta bayan bariki, babu tayoyin gaba, kaji suna ƙwai a kan kujerarta. Gaskiyar magana ba don tuƙi na roƙe ta ba. Ƙarfe na gani, na ce wannan za ta ba ni garma da fartanya na shekara biyu. Bijimai huɗu suka jawo ta har ƙofar maƙera.

Ina shirin sa mata guduma sai ga Gado, wani makanike mutumin Dandi da ya daɗe yana gyaran manyan motocin Faransawa a Dahome. Gatari ya kawo gyara. Ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa cikin injin, ya ce, "Maƙeri, kak ka kashe ta. Wagga ba mutuwa tay yi ba, suma ta." Rani guda muka yi a kanta, shi da inji, ni da duk abin da yake ƙarfe ne zalla. Ranar da ta yi tarin farko awakin unguwa suka tsinke igiya, tsofaffi suka fito suna salati. Daga ranar kaina ya kumbura. Duk kuskuren da zan faɗa maka a nan, daga kumburin kan nan ya fito.

Na fara da tsawo. Hanyoyinmu ka san su, sawun amalanke ne biyu da tudu a tsakiya, ga kututture. Cikinta yana gugar ƙasa, sai na samo sifirin wata matacciyar babbar mota na yanka, na ƙara mata ganye uku-uku a kowace ƙafa. Gado ya ce ɗaya ya isa. Na ce masa ya tsaya a injinsa, ba a koya wa ɗan maƙera ƙarfe. Ban tsaya nan ba, na ƙera mata kariyar ɗora kaya a bisa, mai nauyin da sai mutum huɗu suka ɗora ta. Ta yi tsawo har yara suka sa mata suna Raƙumin Maƙera, ni kuwa ina jin daɗi, ban san zagi ba ne.

Kan hanyar Sharabi muka gane. Na jibga kwandunan banda a kan kariya, na zo wani kwazazzabo, maimakon in fuskance shi sai na bi gefensa a karkace. Ba ta yi gaggawa ba. A hankali ta ɗaga ƙafa biyu, ta yi tunani, ta kwanta a kan haƙarƙarinta. Babu wanda ya ji ciwo. Matan Sharabi suka zo suna taya ni tsintar kifi suna dariya, karnukan garin kuwa suka yi sallarsu. Na yi dariya tare da su, amma na ga inda kaina zai kasance da gangaren ya ƙara kamu ɗaya. Na dawo na cire ganye biyu-biyu, na rage kariyar.

Na ji ka kana gaya wa abokanka cewa in ka isa Lolo za ka mayar da ganyayen, wai tsoho ya cika tsoro. To, tsoron ne, kuma da jikina na koye shi. Kada ka mayar. Kaya mai nauyi ƙasa, mara nauyi sama. In ka zo gangare ka dube shi ido da ido, ka sauka a miƙe da ƙaramar giya, kada ka ba shi gefenka. Kuma ka sauke mutane su taka da ƙafa, ko da za su yi ta gunaguni.

Sai ruwa. Ƙarshen damina ne a fadamar Matsinkai. Na bi wurin sati guda kafin nan ruwa iya sawu. Wani tsoho masunci yana zaune a bakin ruwan ya ce mini, "Maƙeri, ruwan ga ba na jiya ba na. Sabka ka taka shi." Amma mutane sun taru suna kallon mota, ga 'yan mata da tulunansu, ni kuwa in tuɓe wando in shiga ruwa kamar mai kamun tarwaɗa? Na sa giyar ƙafa huɗu na afka. Tsakiyar fadama inji ya kurɓi ruwa, ya yi gum. Na hau kan bodi ina kallon ruwa yana wasa da kujerata, har aka je aka nemo shanu. Wata guda Gado ya yi yana warkar da injin, yana yi yana zagina da Dandanci don ya san ba na ji.

Bututun kwanon nan da ya hau ta gefen gilashin gaba, wanda ka ce ya ɓata mata kyau, bayan wannan na ƙera shi, don ta riƙa shan iska daga sama. Amma bututu bai mai da ita kwalekwale ba. Kowane ruwa ka sauka ka taka shi da ƙafarka, ko da ka bi shi da safe. In ya wuce gwiwa ka juya. In ka fito ka riƙa taɓa birki a hankali har ya bushe, don jiƙaƙƙen birki ba birki ba ne, saura ƙiris in shige rumbun wani mutum kafin in san haka. Inda ka koma garin masu ruwa ne. In Basarke ya ce maka kada ka shiga, kada ka tambaye shi dalili.

Akwai kuma na iyaka, shi gajere ne. Mu hagu muke bi, su a Dahome dama. Kowa ya san haka a baki, amma hannu ba ya ji. Ranar farko da na ƙetara, ina tafe ina waƙa a hannuna na gida, sai ga babbar mota ta fito daga kwana tana cika hanya. Ni na kauce hagu, shi ya kauce damarsa, wato wuri ɗaya muka nufa. Gonar dawa ce ta cece ni. In ka zo kan iyaka ka tsaya cak, ka faɗa wa kanka da ƙarfi, dama, dama, ko da fasinja za su ce ka taɓu.

Duk waɗannan ka taɓa jin su a bakin mutane, ana ba da su ana dariya. Wanda zan faɗa yanzu ba ka taɓa ji ba.

Sanda biyu ke riƙe da sitiyarin motar nan. Doguwa ita ke haɗa tayoyin gaba biyu, gajera kuma ita ke kawo juyin hannunka zuwa ga taya. Na asalin bututu ne, kututture ya lanƙwasa su har sun gaji da miƙewa. Na ce zan ƙera waɗanda ba za su ƙara lanƙwasa ba. Na samo ƙarfen gindin babbar mota, na buge shi ya zama sanda biyu, Gado ya yanka musu zare a baki. Sallah ta matso, zai tafi gida, ya ce mini, "Ɗaura su hakanga, kak ka ƙara musu komi."

Da ya tafi na ɗauki magagari na goga a jikin doguwar, sai na ga yana cin ta. Raina ya ɓaci. A maƙerar Baba, kakanka, ƙarfe ba ya fita sai ya sha ruwa, wannan tun ina jan zugazugi na san shi. Ƙarfen da magagari ke ci, a wurinmu ɗanye ne, abin kunya ne a ce daga hannunmu ya fito. Na sa su a wuta har suka yi jajir, na yi bisimilla, na tsoma su cikin kaskon ruwa ɗungurungum. Kuma na sani sarai cewa ko adda bakinta kawai ake shayarwa, a bar bayanta da taushi don ta jure sara. Sai na yi wa kaina wayo, na ce ai sandar sitiyari duk jikinta baki ne. Na sake goga magagari, ya zame bai kama ba. Na ɗaura su ina jin babu kamata.

Ba a yi wata uku ba. Muna dawowa daga bakin gulbi ni da Arzika, da kifinsa a baya, muka hau marmara, irin jan dutsen nan mai girgiza haƙori. Ina gudu, yana ba ni labari yana dariya. Na ji ƙas, kamar an karya rake. Tayar hagu ta kama gabanta, sitiyari ya fizge daga hannuna, giginya ta taho. Arzika ya tokare ƙarfen gaba da hannun dama. Ni ban samu ko ƙwarzane ba. Shi kuwa daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu babu ƙashin da ya rage a inda Allah Ya sa shi. Mutumin da in ya jefa birgin kamun kifi ake tsayawa kallo, tun ranar bai ƙara jefawa ba.

Kowa ya ce ƙaddara. Liman ya faɗa, kakanka ya faɗa, Arzika da kansa ya faɗa yana kwance gidan mai ɗori. Gado kaɗai ne bai faɗa ba. Ya dawo ya ɗauki guntun sandar, ya juya mini bakin karayar. Fari fat, da ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri. Ya ce, "Ka shayar da ita?" Na ce na shayar. Ya ce, "Duka biyun?"

Na ce, "Doguwar ɗai."

Wannan ƙaryar ita ce babban kuskurena, ta fi shayarwar muni. Ya dube ni, ya shiga ƙarƙashin motar ya ɗan jima, ya fito. Bayan sati biyu ya kawo doguwar sanda ta gaske ya ɗaura, ya ce, "In ka tuna wani abu, ka san gidana." Bai ƙara taka maƙerata ba.

Za ka ce me ya hana ni cire gajerar daga baya. Na tambayi kaina haka ya fi a ƙirga. Da farko kakanka yana raye, yana alfahari cewa babu ƙarfen da ya taɓa karyewa daga maƙerarmu sai wanda Allah Ya karya. In na nemi wata sanda za a tambayi dalili, in aka ji dalili Arzika zai san ba ƙaddara ce kaɗai ta ci hannunsa ba, har da girman kaina. Sai na ce bari in lallaɓa ta. Shekara biyar ke nan ina lallaɓawa. Tafiyar hawainiyar nan da kuke yi mini dariya a kai, da ƙin bin marmara, da zagaye mai nisa ta cikin yashi in za ni gona, ba tsufa ba ne. Kowane rami na shiga sai gabana ya faɗi, ina jiran in ji ƙas.

Da ranin bana, da ka kwance motar kana yi mata gyaran tafiya, kana ƙarƙashinta ina zaune a bakin maƙera ina kallon ƙafafunka. Na ga ka wanke gajerar sandar da kananzir, ka shafa mata baƙin fenti. Na ji ka ce wa mahaifiyarka, "Inna, wagga sanda ta Baba ko ta Turawa ba ta kai ta ba." Wallahi da ka mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ce a raina, gobe.

Jiya a bakin Kwara, da aka haɗa manyan jirage biyu aka shimfiɗa katako kuka tura motar sama, na sake cewa yanzu zan faɗa. Ka durƙusa ka yi mini sallama, na ce Allah Ya kiyaye hanya, shi ke nan abin da ya fito. Na tsaya har kuka zama ɗigo a hayi. Na rarrashi kaina da cewa daga mashigi zuwa Lolo yawanci yashi ne, zai yi mata sauƙi. Amma daga Lolo zuwa iyaka na san hanyar, marmara ce, ga kaya, ga mutane a baya, ga ƙafarka mai nauyi a kan totur. Yanzu haka da nake rubutun nan ban san ko ka isa ba. Tuwo bai wuce mini ba tun jiya. Mahaifiyarka ta zaci kewa ce, ban iya gaya mata ba tukuna.

Ga abin da za ka yi. Ka kwance gajerar sandar, ka ɗora ta a kan dutse, ka rufe idonka da hannu ɗaya ka sauke mata guduma. Za ka ga abin da ka yi tafiya a kansa. Kada ka ce za ka mayar da ita wuta ta huce cikin toka, shekara biyar tana shan duka, Allah kaɗai Ya san tsagar da ke cikinta. Ka jefa guntayen a gulbi. Sa'annan ka shiga jirgi ko ka taka da ƙafa ka ƙetara iyaka, ka tambayi garejin Gado, duk direban da ke wajen ya san shi. Ka ce masa ɗan maƙerin Bagudo ne, kuma mahaifinka ya ce duka biyun ne. Zai gane. Ka lura, zaren notin Faransawa ba ya shiga na Ingilishi. Zai yi kamar ya shiga, juyi biyu, sai ya cije. In ya cije kada ka sa masa ƙarfi, ka bar Gado ya nemo wadda ta dace ko da wata guda za ka jira. Kasuwa ba ta ƙarewa.

Kuma ka riƙe wannan daga gare ni: duk abin da ka ɗaura wa mota, ba kai kaɗai za ka hau shi ba. In ka yi kuskure a kan ƙarfe ka faɗa a ranar, tun yana da zafi. In ya kwana ya fi wuyar fita.

Kada ka ɗauka jarumtaka ce ta sa na rubuto. Yau da hantsi ƙafafuna suka kai ni gidan Arzika. Na same shi gindin ɗorawa yana ɗinkin taru da hagu, ya maƙale bakin tarun da yatsan ƙafa. Na zauna na faɗa masa komai, tun daga kaskon ruwa har zuwa baƙin fenti. Bai ɗago kai ba har na gama.

Ya ce, "Ka ƙare?"

Na ce na ƙare.

Ya ce, "Na sani. Tun ina kwance gidan mai ɗori Gado yah hwaɗa min. Ya ce ya goga magagari ga gajerar, bai kama ba. Shi yas sa yab bar zuwa wurinka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Shekara biyar, Arzika? Kana cin tuwo gidana? Mi yah hana ka magana?"

Ya ce, "Hannu ya riga ya tahi, magana ba ta maido shi. Kuma ina ganin yadda kaka tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, nac ce mutumin ga shina shan horonai, a bar shi da Allah. Amma jiya nig ga yaro bisa kujera, kai kau kana tsaye bakin gulbi bakinka ƙulle. Nac ce in rana ta hwaɗi yau ba ka zaka ba, ni za ni Lolo in hwaɗa mai da bakina, kuma ba ni ƙara taka ƙohwar gidanka har in mutu." Sai a nan ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Hannuna na yahe maka tun tuni. Ɗanka na ba ni yahe maka."

Na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba. Na ce zan shiga jirgi in zo da kaina. Ya ce, "Kai da kak kasa buɗe baki nan, Lolo za ka buɗe shi? Tahi ka rubuta. Jirgin ɗiyana na tashi bayan azahar, ni ka kai ta."

Ga shi an fara kiran salla, yana tsaye a ƙofar maƙera yana jirana. Ban sani ba ko bayan ka karanta za ka ƙara duban aikin hannuna da idon da kake dubansa. In ba ka ƙara ba, ba ka zalunce ni ba. Ka dai kasance da rai kana jin haushina, ya ishe ni.

Allah Ya sa jirgin nan ya riga ka hawa kujera. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, damarka da hagunka, Ya tsare duk wanda zai zauna a motarka. Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin ruwa, da sharrin abin da hannuna ya ƙera. Ka aiko mini da kalma ɗaya ta bakin kawunka cewa kana lafiya, don ba zan tashi daga bakin gulbi ba sai na ji. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu.

Ni ne mahaifinka.